Gubar Dalma a Zamfara: Daga Turmin Tsakar Gida Zuwa Asibitin Anka

Tun da ministan ma'adinai Dele Alake ya sanar da ɗage haramcin haƙar ma'adinai a Zamfara a Disambar 2024, bayan fiye da shekara biyar, muhawarar ba ta wuce ta tsaro da kuɗin shiga ba. Da wuya ka ji an tuna abin da neman zinare ya yi wa yaran Anka da Bukkuyum a 2010. Ga mutanen Talata Mafara kuwa labarin na gida ne: mazaɓarsu ɗaya da Anka a majalisar wakilai, kuma abin da ɗaliban kimiyya na Kwalejin Fasaha ta Abdu Gusau ke haddacewa a darasin kemistiri na shekarar farko, shi ne ya auku a gidajen maƙwabtansu.

A watan Maris na 2010, likitocin Na-gari Na-kowa, wato MSF, suna zagayen sa ido kan sanƙarau suka tarar da yara na mutuwa a ƙauyukan Dareta da Yargalma. Amai, jijjiga, suma, sai mutuwa. An ba da maganin zazzaɓin cizon sauro, bai yi ba. Sai da aka gwada jini aka ga dalma ce. Na'urar gwajin da aka kai ƙauyukan iyakarta maikirogiram 65 a kowace desilita ta jini, alhali daga 45 ake fara ba yaro magani; yara da yawa sun zarce ƙarfin na'urar. Binciken hukumar CDC ta Amurka ya nuna cewa a waɗannan ƙauyuka biyu, ɗaya cikin huɗu na yara 'yan ƙasa da shekara biyar ya rasu cikin shekara guda. A watan Yuni jami'an lafiya na tarayya suka ce mutum 163 suka mutu. Daga baya adadin da aka tsaya a kai ya haura yara 400.

A nan bayani ya rabu biyu. Hukumomi sun ɗora laifin kan "haramtaccen haƙa", magani kuma a hana. Likitoci da masu binciken ƙasa suka ce a dubi dutsen da inda ake niƙa shi. Ni na fi gamsuwa da na biyun, don an daɗe ana neman zinare a yankin ba a ga irin wannan mutuwa ba. Abin da ya sauya shi ne farashi ya haura dala 1,000 kan kowace oza, aka faɗa wa jijiyar dutse mai dalma jingim, aka kuma kwaso shi zuwa gida. Mata na farfasa shi a tsakar gida da goyo a baya, ana zuba shi a injin niƙan hatsi a bushe, ƙura ta lulluɓe ɗaki da kwanon tuwo. A wasu wurare dalmar da ke cikin ƙasa ta wuce kashi 10 cikin 100. Takardar lasisi ba ta hana wannan ƙurar tashi.

Asalin dutsen galena ne, haɗin dalma da farar wuta, PbS a rubuce. Shi ne ma ake samu a wani tozalin da ake sa wa jarirai. Galena ba ta saurin narkewa, amma ruwa da iska sun daɗe suna cin ta Zamfara har wani ɓangarenta ya koma kabonet na dalma, wanda ruwan tsamin ciki ke narkarwa nan take. Da dalma ta shiga jini sai jiki ya ɗauke ta kamar kalsiyam, tunda cajinsu ɗaya: ta zauna a ƙashi, ta hana haɗa jini, ta shiga ƙwaƙwalwa. Yaro ya fi babba tsotse ta, ga shi hannunsa kullum daga ƙasa sai baki. Zaibar da ake kama zinare da ita guba ce ita ma, amma ba ita ta yi wannan kisan ba.

Gubar daga ɓangaren sinadaran ma'adinai ta fito, maganin kuma daga ɓangaren sinadaran kabon. Sunansa DMSA: ƙwayoyin kabon huɗu a jere, biyun tsakiya kowanne na riƙe da farar wuta. Da yake dalma na son farar wuta, abin da ya haɗa su a dutse tun farko ke nan, sai maganin ya cafke ta ya fitar ta fitsari. Dabarar ta samo asali ne daga maganin da masanan Oxford suka haɗa a Yaƙin Duniya na Biyu don kariya daga iskar guba mai arsenik. Da DMSA aka yi wa dubban yara magani a Anka da Bukkuyum. Sai dai ba ya gyara ƙwaƙwalwar da ta riga ta lalace, kuma banza ne idan yaro zai koma gida mai gurɓatacciyar ƙasa. Shi ya sa ƙungiyar Blacksmith da kamfanin TerraGraphics suka riƙa kankare ƙasar gidaje ana zuba sabuwa.

An tsaftace ƙauyuka bakwai kafin tsakiyar 2011. Bagega, wadda ta fi su girma, ta jira har farkon 2013 kafin gwamnatin Jonathan ta saki kuɗi, bayan matsin lambar 'yan fafutuka irin su Hamzat Lawal. A lokacin ɗan Mafara, Abdul'aziz Yari, ke gwamna. A 2015 abin ya sake ɓulla a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja. MSF ta miƙa aikin ga gwamnatin Zamfara a 2022.

Yanzu da aka buɗe ramuka, ya kamata gwamnatin jiha ta wajabta niƙa da ruwa a wajen gari, ta kuma ba ɗakin gwajin kwalejin Mafara kayan auna dalma a ƙasa da ruwan rijiya.