Labarin Tsohon Birni, Mafarin Sarautar Daura

Arewa da birnin Daura, tafiyar 'yan mil kaɗan, akwai wani ƙauye ana ce da shi Tsohon Birni. Baƙon da ya ratsa shi ba zai ga abin da ya bambanta shi da sauran ƙauyukan ƙasar ba, gama gero da dawa da wake su ne sana'ar mutanensa, kamar yadda su ke ga maƙwabtansu. Amma sunan kansa ya isa ya tsai da mai hankali, domin Bahaushe ba ya ce wa wuri birni sai in an taɓa kewaye shi da ganuwa, an yi sarauta a cikinsa. Masu riƙon tarihin Daura kuwa sun haɗu a kan cewa nan ne sarautar ƙasar ta fara zama, tun ba a san inda birnin Daura na yanzu zai kafu ba.

A cikin Girgam, watau littafin jerin sarakunan Daura, mata ne su ka fara mulki, kowace ana kiranta Magajiya. An lissafa su goma sha bakwai. Ta fari ita ce Kufuru, sa'an nan Gino, da Yakumo, da Yakunya, da Walzamu, da Yanbamu, da Gizirgizir, da Innagari. Waɗannan takwas an ce a Tsohon Birni su ka yi zamaninsu. Ta tara ita ce Daurama, wadda ta tashi da jama'arta ta koma kudu, ta kafa sabon gari kusa da rijiyar Kusugu, garin ya ci sunanta. Daga ran nan wurin da aka baro ya zama tsoho, sabon ya zama birnin sarauta. Wanda ya san ƙasar nan ba zai yi mamakin wannan ƙaura ba, gama ƙasa ce ta rairayi, damina gajeruwa, rani dogo, gari kuwa ba ya zama sai inda rijiya ta ke riƙe ruwa har bazara.

Labarin abin da ya auku a Kusugu sananne ne ga yaro da babba. An ce wani maciji ya tare rijiyar, ba a samun ɗiban ruwa sai ranar Jumma'a. Ana nan sai wani baƙo, Bayajida, wanda aka ce asalinsa daga Bagadaza ne, ya biyo ta Barno, ya bar matarsa a Garun Gabas, ya tsaya Gaya maƙera su ka ƙera masa wuƙa, ya iso Daura da dare. Ya sauka gidan wata tsohuwa, Ayana, ya roƙi ruwa, ta ce babu, ta gaya masa dalili. Ya ari guga ya tafi rijiya, ya kashe macijin, ya ɗauke kansa. Da gari ya waye Magajiya ta nemi wanda ya yi wannan aiki, aka same shi, ta ce za ta ba shi rabin gari, shi kuwa ya ce aurenta ya ke so. Ɗansu Bawo shi ya haifi waɗanda su ka sarauci Daura da Kano da Katsina da Zazzau da Gobir da Rano, in an haɗa da Biram ta Garun Gabas su ne Hausa Bakwai. Tun daga nan sarauta ta koma hannun maza, amma sarautun mata ba su ɓace ba, har yau akwai Magajiya da Iya a fadar Daura.

Baturen nan Palmer ya buga labarin Daura da jerin sarakunanta cikin littafinsa na 1928, shi ne kuma ya yi lissafin cewa Bagauda ɗan Bawo ya fara sarautar Kano a 999. In an bi wannan lissafi, zamanin matan Tsohon Birni ya wuce shekara dubu ke nan. Masanan zamani sukan ɗauki labarin Bayajida a matsayin hikayar da ta dunƙule abubuwa masu yawa wuri guda, watau zuwan baƙi daga gabas, da aikin ƙarfe, da sakewar sarauta daga mata zuwa maza. Ko ta wace fuska aka dube shi, labarin ya nuna cewa baƙon ya tarad da gari zaunanne, da sarauta, da fadawa, asalinsu kuwa Tsohon Birni ne.

Ƙaurar Daurama ba ita ce ta ƙarshe ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya fara jihadi a 1804, ba da jimawa ba Malam Isiyaku, wanda ya karɓo tuta, ya ci Daura, Sarkin Gwari Abdu ya fita da jama'arsa ya yi arewa. Shi da magadansa su ka yi ta sake mazauni, su ka zauna Kwargom, da Yekuwa, da 'Yardaje, kana daga bisani sarautar ta tabbata a Zango. Wani reshen gidan kuma ya kafu a Baure. Ta haka ƙasa guda ta rabu uku, Fulani a birnin Daura suna bin Sakkwato, Zango da Baure kuwa su ka shiga ƙarƙashin Damagaram. Ƙauyukan da ke tsakani su su ka sha wuyar wannan rabuwa, gama manomi ya kan yi shuka bai san wanda zai karɓi harajinsa da kaka ba, ko kuwa wane mahari zai riga shi girbi.

Da Turawa su ka zo, a 1906 su ka tuɓe sarkin Fulani na Daura, Murnai, su ka komo da Malam Musa na gidan Zango birnin kakanninsa, bayan shekara ɗari gidan yana waje. Amma ba dukan ƙasar ta komo ba. Tsakanin 1906 da 1908 ma'aunan Ingila da na Faransa su ka bi daji suna kafa alamun iyaka, sai Yekuwa da Kwargom da Magariya su ka faɗa ɓangaren Faransa, inda yanzu ya ke Jamhuriyar Nijar. Malam Musa ya rasu a 1911, ɗansa Abdurrahman ya gaje shi, ya yi shekara 55 bisa gado, har 1966. A zamaninsa aikin En'e ya kafu sosai, da Baitulmali, da kotunan alƙalai, da rangadin hakimai, a zamaninsa kuma aka haɗa Daura da Katsina lardi guda a 1934. Muhammadu Bashar ya yi sarauta daga 1966 zuwa 2007, sa'an nan Faruk Umar Faruk. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya kawo ƙarshen tsarin En'e, aka yi Jihar Katsina a 1987, masarautar kuwa ta ƙunshi Daura da Zango da Baure da Mai'aduwa da Sandamu.

Wanda ya ke so ya ga tarihin nan da idonsa ya iya gama shi cikin yini guda. Ya fara da Tsohon Birni da hantsi, ya gai da masu gari, ya zauna da dattawa. Sa'an nan ya biyo hanyar kudu zuwa Daura, ya tsaya Kusugu, inda aka gina ɗaki bisa rijiyar, har yau kuwa tana da ruwa, baƙi na zuwa suna sha. Daga nan fada ba nisa, can a ke ajiye da makamin da a ke danganta wa Bayajida, tare da tamburan sarauta. In zuwansa ya dace da watan Rabi'ul Awwal zai tarad da Sallar Gani, wadda Daura ta yi suna da ita. Mai sauran ƙarfi ya ƙarasa Zango da la'asar.

Abin da ke birni yana da masu tsaronsa, na ƙauye kuwa ba shi da kowa sai dagaci da mai unguwa. Alamun tsohon mazauni a ƙasar Hausa ba su da wuyar ganewa ga wanda aka nuna wa: tudu mai tsawo wanda ya kan zama ragowar ganuwa, da kwarin da ke bayansa, da tarin kukoki wuri guda, da fasassun tukwane a cikin kunya, da kashin maƙera, da bakin tsohuwar rijiya ko marina da ta cike. Garmar shanu tana baje irin waɗannan kowace damina, masu ɗiban ƙasar gini suna kwashe saura, tsofaffin da su ka san sunan kowane wuri kuma suna tafiya ɗaya bayan ɗaya. Lokacin da Baturen nan Smith ya zo neman labarin da ya buga cikin littafinsa na 1978 a kan sha'anin Daura, wurin dattawa da masu sarauta ya samo mafi yawansa, da ya makara kaɗan da bai tarad da su ba.

Saboda haka ya kamata hakimi ko malamin gunduma da ya fita rangadi ya riƙe littafi dabam ban da na aikinsa. In ya sauka ƙauye ya tambayi wanda ya sari garin, da inda ya fito, da jerin dagatai, da sunayen rijiyoyi da kufai, ya rubuta da sunan wanda ya faɗa masa da ranar da aka faɗa. In ya ga ana noma bisa ganuwa ko ana haƙa kufai, ya yi magana da dagaci, ya kuma sanad da fada. Aikin ba ya cin kuɗi, sai haƙurin zama da tsoho har ya gama maganarsa. Tsohon Birni ya riƙe sunansa shekara dubu a bakin mutane, amma akwai ƙauyuka da yawa a ƙasar Daura waɗanda labarinsu ya rage a bakin mutum ɗaya ko biyu. Iyakar labarin ke nan.