Shirin Ko-ta-kwana a Gida: Abin da Iyali Ke Bukata Kafin Annoba

Shirin ko-ta-kwana shi ne tanadin da magidanci ke yi tun lafiya lau, domin iyalinsa su tsira da rai da dukiya idan ambaliya ko gobara ko ɓarkewar cuta ta auku. A kudancin Jigawa, musamman ƙananan hukumomin Birnin Kudu da Gwaram, inda ruwan sama ya fi na arewacin jihar yawa, wannan tanadi ya fi muhimmanci daga Yuli zuwa Satumba.

A watan Agustan 2021, ruwa ya karya wata gada a Radabi, kan hanyar Gwaram zuwa Basirka, wata motar fasinja ta faɗa cikin ramin, mutum 21 suka rasu. A daminar 2022 kuma, Jigawa na cikin jihohin da ambaliya ta fi yi wa ɓarna a gidaje da gonaki. Darasin shi ne, hatsarin ambaliya yana iske mutum a gida, yana kuma iske shi a kan hanya.

Sanin lokaci

Kowace shekara hukumar NiMet na fitar da hasashen damina, hukumar NIHSA kuma na bayyana yankunan da ake fargabar ambaliya. Gidajen rediyo na yaɗa waɗannan sanarwa, don haka rediyo mai batir na cikin kayan da bai kamata gida ya rasa ba.

Gyaran gida

Kafin ruwa ya kankama, a yashe magudanai, a yaɓe katangar ƙasa, a duba rufi. Ginin ƙasa yakan sha ruwa kwana da kwanaki kafin ya rufta. Idan bango ya tsage ko gindinsa ya jiƙe, a kwashe iyali daga ɗakin. Hatsi da kayan shago a ɗora su kan katako, nesa da ƙasa.

Jakar gaggawa

A haɗa katin shaidar ɗan ƙasa, takardun fili, na makaranta da na aiki cikin leda mai hana ruwa, a kuma ɗauki hotonsu a waya. A ƙara tocila, ashana, gidan sauro, 'yan kuɗi a hannu, da magungunan masu hawan jini ko ciwon suga. A tanadi abincin kwana uku wanda ba ya saurin lalacewa, kamar garin kwaki, ƙuli-ƙuli da dabino.

Ruwan sha

Ambaliya kan haɗa ruwan masai da na rijiya, daga nan amai da gudawa ke ɓarkewa. A tafasa ruwa kafin a sha. Idan gudawa ta kama wani, a dama cokalin shayi shida na sukari da rabin cokali na gishiri a lita ɗaya ta tsaftataccen ruwa, a riƙa ba shi, sannan a garzaya asibiti mafi kusa. Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu ita ce babban asibitin yankin.

Tafiya da ƙaura

Ruwa mai gudu da bai wuce idon sawu ba yana iya kayar da babba, wanda ya kai gwiwa kuma yana iya tafiya da ƙaramar mota. Kada direba ya shiga ruwan da ya rufe titi, musamman da dare. Iyali su amince tun da wuri kan tudun da za su haɗu, a kuma san wanda zai ɗauki tsoho ko jariri.

Neman agaji

Lambar gaggawa ta ƙasa ita ce 112. Hukumar NEMA, da aka kafa a 1999, da takwararta ta jiha, SEMA, su ke raba kayan agaji, amma kafin su iso, maƙwabta da mai unguwa ne masu kai ɗauki na farko. Hausawa na cewa rigakafi ya fi magani.