DENDRAL: Yadda Aka Fara Koya wa Na'ura Ilmin Sinadarai

A shekarar 2024 aka ba David Baker da Demis Hassabis da John Jumper kyautar Nobel ta ilmin sinadarai, biyun ƙarshe saboda manhajar AlphaFold mai hasashen siffar furotin. Amma asalin shigar ƙirƙirarriyar basira wannan fage ya girmi kyautar da kusan shekara 60, kuma ya faro ne daga wata tambaya game da duniyar Mars.

Joshua Lederberg, masanin ƙwayoyin gado a Jami'ar Stanford ta Amurka, wanda ya sami kyautar Nobel a 1958, yana cikin masu ba hukumar NASA shawara kan neman alamar rai a Mars. Abin da ya dame shi shi ne, in an aika na'ura can ta ɗebi ƙasa ta auna, wa zai fassara awon, tun da babu masani a wurin? A 1965 ya haɗa kai da Edward Feigenbaum, masanin kwamfuta, suka fara aikin da suka raɗa wa suna DENDRAL. Daga baya Bruce Buchanan, wanda falsafa ya karanta, ya shigo, haka kuma Carl Djerassi, mashahurin masanin sinadarai wanda ke cikin waɗanda suka harhaɗa sinadarin maganin tsarin iyali a Meksiko a 1951.

Wajibi ne a fahimci matsalar da suka tunkara. Kowane sinadari ƙulli ne na ƙwayoyin zarra, kuma sanin yawan ƙwayoyin bai isa a san sinadarin ba, sai an san yadda suka jeru. Misali, kabon 2 da haidirojin 6 da oksijin 1, in sun jeru ta wata hanya su ba da ruwan barasa, in sun jeru ta wata kuma su ba da wata iska dabam. Da ƙulli ya girma, sai hanyoyin su yi ta ninkuwa. Kabon 10 da haidirojin 22 suna iya jeruwa ta hanya 75, amma kabon 20 da haidirojin 42 sai su ba da 366,319. Masani kuwa ba ya ganin ƙullin da ido. Sai ya sa shi cikin wani ma'auni da ke farfasa shi, ya auna nauyin ɓarɓashin, sa'an nan ya yi ƙoƙarin gane siffar tulun daga sakainarsa.

Lederberg ya riga ya tsara dabarar lissafi mai zayyano dukkan siffofin da ka iya yiwuwa, ba maimaici ba tsallake, ga ƙullin da ba shi da zobe. To, amma jerin dubun dubatar siffofi ba amsa ba ne. Nan ne Djerassi da almajiransa suka yi rana. Aka riƙa zama da su ana tambaya: da kuka ga wannan awo, me ya sa kuka ce kaza ne? Abin da suka faɗa a mayar da shi ƙa'ida, a ɗura wa kwamfuta. Ga ɗaya daga ciki: idan aka sami gutsure biyu da jimlar nauyinsu ta ɗara nauyin ƙullin da 28, tare da wasu alamu, to sinadarin daga dangin kiton yake, domin kowane gutsure ya tafi da kabon ɗaya da oksijin ɗaya, watau 12 da 16. Da irin waɗannan ƙa'idoji na'ura ke zubar da mafi yawan siffofin tun kafin ta zayyano su, ta gwada 'yan da suka rage.

Aikin tatsar ilmin nan shi ya fi cin rai. Gwani ya san abin da yake yi, amma sau da yawa ba ya iya faɗin yadda ya sani, kamar dai maƙerin da ke gane zafin ƙarfe daga launinsa. Sai na'ura ta yi kure, a kai masa, sa'an nan ya tuna da wani sharaɗin da bai ambata ba. Daga nan Feigenbaum ya ɗauko ra'ayin da ya shahara da shi, cewa ƙarfin irin wannan manhaja yana cikin yawan ilmin fannin da aka zuba mata. Masana kwamfuta na farko sun fi sa rai ga wata dabarar tunani guda mai warware kowace irin matsala, DENDRAL kuwa ya karkatar da su. A kan wannan turba aka gina MYCIN a Stanford, mai ba da shawara kan cututtukan jini, Feigenbaum kuma ya sami kyautar Turing ta 1994.

In za a yi adalci, ribar da ilmin kwamfuta ya ci ta fi wadda ilmin sinadarai ya ci. DENDRAL bai je Mars ba. Kumbunan Viking da suka sauka a 1976 sun ɗauki ma'aunin, amma mutane ne suka fassara awon a ƙasa. Ƙwarewarsa ma a kan 'yan dangogin sinadarai kaɗan ta tsaya. Abin da masana suka fi mora shi ne CONGEN, ɓangaren da ke zayyano siffofi, har masu zobe, bisa sharuɗɗan da masani ya gindaya. Amfaninsa shi ne ya nuna wa mutum siffar da ya manta bai duba ba.

Akwai kuma Meta-DENDRAL, wanda aka ɗora wa aikin gano ƙa'idojin da kansa daga tarin awo. A 1976 mujallar ƙungiyar masana sinadarai ta Amurka ta buga sababbin ƙa'idojin da ya gano game da farfashewar wasu sinadarai na dangin siteroyid. Wannan reshe, mai koyo daga bayanai, shi ne ya fi kama da manhajojin zamanin AlphaFold, sai dai da bambanci guda. Ƙa'idojin Meta-DENDRAL a rubuce suke, masani na iya karanta su ɗaya bayan ɗaya ya amince ko ya musa. Abin da AlphaFold ya koya kuwa yana warwatse cikin miliyoyin lambobi, ba a karanta shi haka, sai dai a kwatanta hasashensa da abin da gwaji ya nuna, kamar yadda aka yi a gasar CASP ta 2020.