Sarki Nuruddini da Kabarin Annabi

Akwai wani labari da alhazai ke komowa da shi daga Madina. Wai a shekarar 557 ta Hijira, Sarkin Sham Nuruddini ya ga Annabi (tsira da aminci su tabbata gare shi) cikin mafarki yana nuna masa waɗansu mutum biyu. Ya hau ya tafi Madina, ya tarar suna haƙa rami don su sace jikinsa mai daraja. Aka kashe su, aka zuba narkakkiyar darma kewaye da kabarin.

To, wa ya faɗa? Ibnul Asiri, wanda aka haifa a 555, ya rubuta tarihin gidan sarkin nan, bai ko ambaci zancen ba. Sai bayan shekara fiye da 150 Maɗari ya kawo shi daga bakin dattawa. Samhudi kansa, da ya sa shi cikin Wafa'ul Wafa, ya yi mamakin rashinsa a tarihin sarkin. Shirun nan, a ganina, ba ƙaramin abu ba ne.

Labarin Jabir dabam yake. Ya tono mahaifinsa, shahidin Uhudu, bayan wata 6, ya same shi bai sāke ba sai wajen kunne. Wannan Buhari ya ruwaito shi da sunayen maruwaita ɗaya bayan ɗaya har zuwa ga Jabir.