Hanta, Jijiya da Mabiyiya: Mafarin Furotin da Ke Sarrafa Narkewar Gudan Jini da Tasirinsa ga Zubar Jini Bayan Haihuwa a Kano

Tsakure

Wannan maƙala ta bibiyi gaɓoɓin da ke samar da furotin masu narkar da gudan jini da masu hana shi narkewa, ta kuma nuna cewa sanin mafarinsu na iya sauya yadda ake kula da mai jego a asibitocin Kano, ciki har da Asibitin Koyarwa na Muhammad Abdullahi Wase da ke Nassarawa GRA.

Inda furotin ɗin ke fitowa

Gudan jini saƙa ce ta zaren faibirin, kuma filasmin ne ke warware ta. Hanta ke ƙera filasminojin, wato filasmin da bai farka ba. Mai tayar da shi, tPA, daga shimfiɗar cikin jijiyoyin jini yake fitowa. Ɗan'uwansa yurokines kuwa a fitsari aka fara gano shi, ƙoda na cikin masu samar da shi. Masu taka birki su ma a warwatse suke: antifilasmin da TAFI daga hanta, PAI-1 daga shimfiɗar jijiya, kitse da ƙwayoyin filatilet, sai PAI-2 wanda mabiyiya ke zubawa cikin jinin mai ciki.

Nauyin hanta ya fi na kowa, domin ita ce kuma ke kwashe tPA daga jini cikin 'yan mintoci. Idan ta ƙandare, kamar yadda ciwon hanta nau'in B ke jawowa, antifilasmin da TAFI sukan ragu, tPA ya taru, gudan da ya toshe rauni ya narke tun wurin bai warke ba.

A ɗakin haihuwa

Da goyon ciki, PAI-1 da PAI-2 kan hauhawa. Da zarar mabiyiya ta fita, tPA kan ninka cikin sa'a guda. Nan ne maganin asidin taranekzamik, wanda Utako Okamoto da mijinta Shosuke suka bayyana a Japan a 1962, ke shiga: yana hana filasminojin manne wa faibirin. Gwajin WOMAN na 2017, mai mata 20,060 a ƙasashe 21 har da Najeriya, ya nuna cewa ba da shi cikin sa'o'i uku bayan haihuwa yana rage mutuwa ta zubar jini da kusan kashi ɗaya cikin uku. Bayan haka amfaninsa ya kau. Gwajin E-MOTIVE na 2023, wanda Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero take cikin jagororinsa, ya haɗa maganin da auna jini a leda mai ma'auni da sauran matakai a lokaci guda, aka sami raguwar mummunan sakamako da kashi 60 cikin ɗari.

Tattaunawa

Gwajin daskarewar jini na yau da kullum, PT da APTT, saurin haɗuwar guda suke aunawa, ba sa faɗin ko zai ɗore. Mace na iya zubar da jini alhali takardarta ta ɗakin gwaji lafiya lau, abin da ya kamata ya dami duk mai karɓar haihuwa. Saboda haka muna ganin gwajin ciwon hanta a wurin awon ciki ya wuce batun kare jariri kawai: sakamakonsa ya isa hannun ungozoma kafin naƙuda, asidin taranekzamik kuma ya kasance a ɗakin haihuwa, ba sai an tura dangi kemis da tsakar dare ba. Ana buƙatar nazari a Kano da zai auna antifilasmin da tPA a jinin masu ciki masu ciwon hanta, ya kwatanta da yawan jinin da suka zubar.