Malfa da Gammo a Ƙasar Adar

Tun kaka da kakanni, malfar kaba ce inuwar manomin Adar, makiyayi kuwa rawani ke tsare masa kai. Duka biyun kayan maza ne. Da farin 1984 ya watsa magidanta ci-rani, mata suka ɗauki mafi yawan aikin Furoje Keita, wanda Italiya ta zuba wa kuɗi. Su suka yi jidar duwatsu a faƙon Ibohamane da kewaye, ana biyansu da abinci. Rahotanni sun ƙidaya itatuwan da aka dasa, ba su cika waiwayar kawunan da suka sha rana ba. Malfa dai ba ta zama ƙarƙashin dutse. Sai kallabi, sai gammo, sai man shanun da aka shafa wa kitso kada gashi ya bushe ya kakkarye.