Asalin Kwasa-kwasan Zaɓi a Jami'a da Gardamar da Suka Haifar

Duk wanda ya taɓa yin rajista a jami'a ya san cewa kwasa-kwasai kashi biyu ne, watau akwai na dole, akwai kuma na zaɓi. Saboda sabo, ba kasafai akan tsaya a tambayi inda wannan rabo ya samo asali ba, har wasu suna zaton da shi aka haifi jami'a. Alhali kuwa a ƙarni na 19 ne tsarin ya kafu a Amurka, kuma sai da aka kai ruwa rana kafin ya zauna da gindinsa. Ta wannan ƙofa ce fannonin da a dā ba a ɗauke su ilmin jami'a ba, kamar harsunan zamani da adabin baka da kiɗa da kasuwanci, suka sami shiga. To, amma ƙofar tana da sharaɗi, kuma wannan sharaɗi shi ne abin da ya fi shafar masu nazarin harshe da al'ada.

A farkon ƙarni na 19, kwalejin Amurka manhaja ɗaya tak take da ita. Ɗalibai 'yan aji guda tare suke tafiya shekara huɗu, suna karanta Latinanci da Girkanci da lissafi, da ɗan abin da ya samu na balaga da manɗiƙi, sa'an nan a shekarar ƙarshe shugaban kwaleji, wanda galibi limamin Kirista ne, ya koya musu falsafar kyawawan ɗabi'u. Hanyar koyarwa kuwa hadda ce da biyawa: a yanka wa ɗalibi shafi, gobe ya tashi ya kawo, malami ya rubuta maki.

Waɗanda suka fara taɓa wannan tsari ba su ji da daɗi ba. Jami'ar Virginia, wadda Thomas Jefferson ya kafa, ta buɗe a 1825 da makarantu takwas, aka bar ɗalibi ya zaɓi waɗanda zai shiga. A wannan shekara kuma George Ticknor, malamin Faransanci da Sifaniyanci a Harvard, wanda ya yi karatu a Göttingen ta Jamus ya ga irin 'yancin da ɗaliban can suke da shi, ya nemi a kasa kwalejin sashe-sashe a kuma ba da zaɓi. Abokan aikinsa suka yi masa taron dangi, gyaran bai ɗore ba sai a sashensa kaɗai, ya ajiye aiki a 1835. Amsar 'yan mazan jiya ta fito daga Yale a 1828, cikin wani rahoto da shugabanta Jeremiah Day da Farfesa James Kingsley suka rubuta. Hujjarsu ita ce aikin kwaleji shi ne horar da hankali kafin a cika shi da bayanai, kuma babu abin da ke wasa hankali kamar nahawun tsofaffin harsuna da lissafi. Sun ƙara da cewa yaro ba zai iya zaɓen abin da bai sani ba. Wannan rahoto ya riƙe kwalejojin ƙasar kusan shekara arba'in. Ko yunƙurin Francis Wayland na jami'ar Brown a 1850 bai yi nisa ba.

Abin da ya sauya lamarin daga waje ya zo. A 1862, ana tsakiyar yaƙin basasa, Shugaba Lincoln ya sa hannu a Dokar Morrill, wadda ta ba kowace jiha eka 30,000 ta filin gwamnati a kan kowane wakilinta na majalisar tarayya, domin a sayar a kafa kwalejojin noma da sana'o'in injuna. Masana'antu suna bunƙasa, iyaye masu kuɗi kuma sun fara tambayar amfanin Girkanci ga ɗan da zai gaji kamfanin jirgin ƙasa.

A cikin wannan hali ne aka naɗa Charles William Eliot shugaban Harvard a 1869, yana da shekara 35. Shi ba limami ba ne, malamin ilmin sinadarai ne, kuma a 1863 Harvard ɗin ta hana shi kujerar farfesa, ya tafi Turai ya yi shekara biyu yana duba makarantun Faransa da Jamus. Ya riƙe shugabanci shekara 40 cif. Bai rushe tsohon tsari rana ɗaya ba, daga sama ya riƙa ɓantararsa. A 1872 aka ɗauke wa 'yan ajin ƙarshe dukan kwasa-kwasan dole, a 1879 aka ɗauke wa 'yan aji uku, a 1884 'yan aji biyu. Kafin ƙarshen 1897, abin da ya rage na dole shi ne kwas ɗaya na rubutun Ingilishi a shekarar farko. Har halartar ibadar safe, wadda take wajibi tun kafuwar kwalejin, ta koma ganin dama a 1886.

Eliot yana da hujjoji guda uku da yake yawan maimaitawa. Ilmi ya yi yawan da shekara huɗu ba za ta ɗauke shi ba, don haka dole a zaɓa, tambaya kawai ita ce wa zai zaɓa. Na biyu, saurayi ɗan shekara 18 ya fi kowane kwamiti sanin inda zuciyarsa ta karkata, kuma wanda ya zaɓi abu da kansa ya fi ba shi ƙarfi. Na uku, wanda ba a cika ambata ba amma shi ya fi tasiri, ya shafi malamai ne: muddin kowa yana karanta abu ɗaya, ba a bukatar gwani, malami guda zai iya riƙe aji a darussa huɗu. Idan aka ba da zaɓi kuwa, sai a sami damar ɗaukar ƙwararre ya koyar da fanninsa har zuwa zurfinsa, ko da ɗalibai goma ne a gabansa.

A nan ne sababbin fannoni suka kutso. A 1871 aka naɗa Charles Dunbar farfesan tattalin arziki. A 1875 John Knowles Paine ya zama farfesan kiɗa, Charles Eliot Norton kuma na tarihin zane-zane da sassaƙa da gine-gine. A 1879 har malamin Sinanci aka ɗauko daga ƙasar Sin. Amma naɗin da ya kamata masu nazarin adabin Hausa su lura da shi, shi ne na Francis James Child. Wannan malami ya shafe shekara 25 yana fama da gyaran rubutun ɗalibai, sai a 1876 aka mai da shi farfesan Ingilishi, ya sami sararin aikin da ransa yake so, watau tattara tsofaffin waƙoƙin baka na Ingila da Sikotilan. Ya tara guda 305, aka buga su tsakanin 1882 da 1898. Daga wannan gida ne daga baya Milman Parry da Albert Lord suka fito, waɗanda nazarinsu a kan mawaƙan Yugosilabiya ya zama abin dogaro ga masu nazarin waƙar baka a ko'ina, har da Afirka. Da Girkanci ya ci gaba da cinye jadawali, da wuya waƙar manoma da makiyaya ta sami kujerar farfesa a wancan zamani. Kasuwanci shi ma ya bi sahu, ko da yake ta wata hanya dabam: Joseph Wharton, attajirin ƙarafa, ya ba Jami'ar Pennsylvania dala 100,000 aka buɗe makarantar kasuwanci a 1881, Harvard ta buɗe tata a 1908, shekara guda kafin Eliot ya sauka.

Abokan hamayya ba su yi shiru ba. A watan Fabrairu na 1885 aka haɗa Eliot da James McCosh, shugaban Princeton, dattijo ɗan asalin Sikotilan, suka yi muƙabala a birnin New York. McCosh ya ce shi bai ƙi zaɓi ba, amma zaɓi marar linzami zai sa ɗalibi ya bi sauƙi, ya tsinci ɗan kiɗa nan, ɗan Faransanci can, ya fita da digirin da babu wanda ya san abin da yake shaida. Tarihi ya ba kowannensu rabin gaskiya. Wani kwamiti da Harvard ta kafa a 1902, ƙarƙashin LeBaron Briggs, ya gano cewa lokacin da ɗalibai suke ba kowane kwas a mako bai kai ko kusa da abin da malamai suke zato ba, kuma da yawa kwasa-kwasan share fage kawai suke tarawa, ko waɗanda ba sa hana baccin safe. Ɗaya daga cikin 'yan kwamitin, A. Lawrence Lowell, shi ya gaji Eliot a 1909. Nan da nan ya kafa doka cewa daga cikin kwasa-kwasai 16 da ɗalibi zai zaɓa, aƙalla 6 su kasance a fanni guda, sa'an nan ya ɗanɗani wasu rukunan ilmi. Wannan sulhu, watau babban fanni da rarrabawa da ragowar zaɓi, shi ne ginshiƙin digirin Amurka har yau, duk da jeka-ka-dawo da aka riƙa yi: Columbia ta ƙirƙiro kwas na dole a kan wayewar zamani a 1919, Harvard ta fitar da rahotonta na ilmin bai-ɗaya a 1945, Brown kuwa ta soke kusan dukan tilas a 1969.

Akwai wani abu da zaɓi ya haifar ba da niyya ba. Tun da ɗalibai ba hanya ɗaya suke bi ba, sai an sami mudun da za a auna karatun wannan da na wancan. Mudun da aka samu shi ne awa, watau yawan sa'o'in zaman aji a mako cikin zango, abin da ɗalibai suke kira kiredit. Da wannan awo, kwas ɗin Girkanci da na lissafin kuɗi suka zama daidai a littafin magatakarda, kuma shugabanni suka sami hanyar ƙidaya kawunan da kowane sashe yake jawowa, su raba kuɗi da guraben malamai a kan haka. Sharaɗin da aka ambata tun farko ke nan. Ilmin kwamfuta ya ci moriyarsa sosai: Jami'ar Purdue ta buɗe sashen farko na wannan fanni a Amurka a 1962, a 1964 kuma John Kemeny da Thomas Kurtz na Dartmouth suka ƙago harshen BASIC musamman domin ɗaliban da ba na kimiyya ba. Ya zuwa 2014, kwas ɗin share fagen kwamfuta a Harvard ya fi kowane kwas cika, da ɗalibai fiye da 800. Harsunan Afirka kuwa, har da Hausa, sun shiga jami'o'in Amurka irin su Wisconsin da UCLA ne da tallafin dokar ilmi ta tsaron ƙasa ta 1958, kuma saboda ajujuwansu ƙanana ne, rayuwarsu ta daɗe tana rataye da wannan tallafi.

Nijeriya da tsarin Ingila ta fara. Kwalejin Jami'a ta Ibadan, wadda aka buɗe a 1948 ƙarƙashin Jami'ar Landan, tana sa ɗalibi ya duƙufa a fanni ɗaya ko kaɗan, babbar jarrabawa ta yanke masa hukunci a ƙarshe. Jami'ar Nsukka ce, wadda Dokta Nnamdi Azikiwe ya assasa a 1960 da taimakon Jami'ar Jihar Michigan (ita kanta 'yar gidan Dokar Morrill ce), ta shigo da kiredit da darussan bai-ɗaya. Masu digirin Landan sun raina abin da farko, amma a hankali sauran jami'o'i suka karɓa, har Hukumar Jami'o'i ta Ƙasa ta mai da shi ƙa'ida cikin ma'aunin da ta fitar a 1989. Sai dai Nijeriya mudun ta ara fiye da 'yancin, domin kwasa-kwasan dole sukan cika jadawali har zaɓin ya zama na suna, kuma sau da yawa a cikin sashen ɗalibi yake ƙarewa. Ɗalibin kwamfuta da zai amfana da kwas a kan ƙa'idojin rubutun Hausa, ko ɗalibin Hausa da yake bukatar sanin sarrafa bayanai domin aikin ƙamus, ba safai jadawali yake haɗa su ba. A Disamba 2022 Hukumar ta ƙaddamar da sabuwar manhaja, inda ta tsara kashi 70 cikin 100 na kowane digiri, ta bar wa majalisar malaman kowace jami'a kashi 30 ta cika da abin da ya dace da muhallinta. A cikin wannan kashi 30 ne sassan harsunan gida za su nemi gurbi, kafaɗa da kafaɗa da sassan kwamfuta da na kasuwanci.